Yadda ake gane tasirin mai bincike a fannin lafiyar jarirai da ƙananan yara

Idan aka turo maka sunan wani likita ko farfesa akace duba mana ko aikinsa yayi wani tasiri a fannin lafiyar jarirai da yara, ko dai don za'a ƙara masa girma ne, ko kana neman wanda zai duba maka aikin digiri na uku, ko kai ɗan jarida ne kana so ka tabbatar wanda zakayi hira dashi ya san abinda yake faɗa, abinda mafi yawanmu mukeyi shine mu buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike, mu kalli lamba ɗaya, wato ma'aunin h, mu rufe. Lambar tanada amfaninta, bance a watsar da ita ba, amma a wannan fannin tambayar da tafi nauyi itace ko akwai abinda ya canza a ɗakin haihuwa ko ɗakin bakwaini ko sashen yara saboda aikin mutumin nan. Toh ga yadda ake bin abin tun daga lambobin har zuwa can.

Mataki na farko, ka tabbatar mutum ɗaya kake bi

Wannan shine wajen da ake yawan faɗawa rami tun kafin a fara. Mujallun likitanci suna gajarta suna ne, sunan ƙarshe sai harafi ɗaya ko biyu, kaga kenan mutum biyar zasu iya fitowa a matsayin mutum ɗaya, ɗaya likitan jarirai ɗaya likitan dabbobi ɗaya kuma injiniya. Haka kuma mutum ɗaya zai iya rabewa gida uku idan ya taɓa canza yadda yake rubuta sunansa, ko mace ce da sunanta ya canza bayan aure. Ka nemi lambarsa ta ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da aka fara bayarwa tun 2012 kuma kowane mai bincike tasa daban, sau da yawa zaka ganta a shafin farko na takardunsa na baya bayan nan kusa da sunansa. Idan babu, sai ka haɗa abu uku, wajen aikinsa, abokan rubutunsa da kuma maudu'in da ya saba taɓawa.

Shafin mutum na Google Scholar shi da kansa yake buɗewa, kuma idan ya bar manhajar tana ƙara masa takardu da kanta zata iya kwaso na wasu masu irin sunansa ta zuba masa, wani ma bai sani ba, wani kuma ya sani yayi shiru. Don haka ka gangara har ƙasa kana karanta taken kowacce. Likitan bakwaini da takarda akan simintin gini, ai ka san da sake.

Daga nan ka buɗe Excel kayi tebur, taken takarda, shekara, mujalla, matsayin sunansa a jerin marubuta, wane irin aiki ne, sau nawa aka ambace ta a wasu takardun bincike, sai wani gurbi na ƙarshe da zaka bari fanko tukunna, zamu zo kansa.

Mataki na biyu, tattaro takardun daga waje biyu aƙalla

PubMed kyauta ne, na babban ɗakin karatun likitanci na Amurka, shi zai nuna maka waɗanne takardunsa ne suka shiga mujallun da likitoci suke karantawa da gaske. Google Scholar yana ƙirga komai da komai, har kundin ɗalibai da takardun taro da waɗanda ba'a tantance ba tukunna, shiyasa lambarsa kusan kullum tafi ta kowa. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate sun fi tacewa amma sai jami'arku ta biya kuɗi kafin ka samu cikakken amfani dasu, idan babu akwai OpenAlex wanda shima kyauta ne. Lambobin bazasu taɓa zuwa ɗaya ba, kar wannan ya dameka. Abinda dai bazakayi ba shine ka ɗauko lambar wane daga Google Scholar ka gwada da ta wane daga Scopus, wannan zalunci ne kawai. Ka rubuta inda ka samo kowace lamba da ranar da ka duba.

Mataki na uku, ma'aunin h

Wani masanin fiziya mai suna Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya dake San Diyego ne ya kawo shi a 2005. Lissafin bashi da wahala, ka jera takardun daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. Misali a ce takardu bakwai ne an ambace su sau 90, 41, 17, 9, 6, 5, 2. Ta biyar tanada 6, ya kai biyar harda ɗori, ta shida kuma tanada 5, bai kai shida ba, toh ma'auninsa 5 kenan. Shikenan.

Matsalarsa baya taɓa sauka, ko mutum ya daina bincike shekara 15 lambar tana nan ko ma tana hawa, don haka dattijo kullum zai danne matashi. Hirsch ɗin da kansa ya bada shawarar a raba lambar da yawan shekarun da mutum yayi tun daga takardarsa ta farko, kayi hakan. Sannan a Google Scholar akwai gurbi na biyu dake nuna na shekaru biyar na ƙarshe kawai, shi zai gaya maka ko har yanzu ana karanta mutumin. Akwai kuma i10, yawan takardun da aka ambata sau 10 ko fiye, ni dai bana tsayawa a kansa sosai.

Mataki na huɗu, wanke lambobin

Anan ne aikin yake fara ɗaukan lokaci. Abu na farko ambaton kai. Kowa yana ambaton aikinsa na baya kuma ba laifi bane, wanda yake bin yara iri ɗaya shekara da shekaru dole ya koma kan takardarsa ta farko, amma idan ka cire ambaton kai a Scopus kaga lambar ta zube warwas, ko ka danna kan waɗanda suka ambace shi kaga mutum huɗu ne kullum suke ta ambaton juna, sai ka rubuta hakan a gefe.

Na biyu manyan takardun taron dangi. Akwai rahotannin ƙididdigar cututtuka na duniya da ake kira Global Burden of Disease, takarda ɗaya zata iya ɗaukan sunayen mutum ɗaruruwa wani lokacin sama da 1000, kuma ana ambatonsu dubbai. Wanda sunansa yake na ɗari huɗu da wani abu a irin waɗannan guda goma zai fito da lamba mai ban tsoro alhali watakila bayanan ƙasarsa kawai ya duba musu. Ba ƙarya bane, ya bada gudummawa, amma ka ware su gefe ɗaya ka sake lissafi babu su. A al'adar mujallun likitanci na farko a jeri shine wanda yayi mafi yawan aikin ya rubuta, na ƙarshe shine babban da ya jagoranta, sai wanda aka sa adireshinsa don a tuntuɓa. Mujallu da yawa yanzu suna saka wani ɗan sakin layi a ƙarshe dake faɗin wa yayi me, wa ya tsara, wa ya tara bayanai, wa yayi lissafi, wa ya nemo kuɗi. Ka karanta shi, mutane basa karantawa.

Na uku, ambato ba yabo bane. A 1998 mujallar Lancet ta buga takardar Andrew Wakefield akan yara 12 wadda ta jawo zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda ta MMR tanada alaƙa da cutar otizim, aka janye ta a 2010 aka kuma cire sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya a shekarar, amma an ambace ta sama da sau 1000, mafi yawa masu ƙaryata ta ne. Idan lamba kaɗai ka kalla sai kace gwarzo ne. Saboda haka ka saka sunan mutuminka a rumbun Retraction Watch mai tara takardun da aka janye, kyauta ne tun 2023 da Crossref, ƙungiyar rajistar takardun bincike, ta karɓe shi, PubMed ma yana manna jan gargaɗi a saman takardar da aka janye. Idan ka samu ka karanta dalilin, wanda ya gano kuskurensa ya nemi a janye da kansa ba ɗaya yake da wanda aka kama da ƙirƙirar bayanai ba.

Sai mujallun bogi, waɗanda ka biya yau gobe sun buga babu wanda ya duba. Idan mujalla bata PubMed bata Scopus bata DOAJ, jerin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, kuma kaga ranar da aka karɓi takarda da ranar da aka amince kwana uku ne tsakani, ka sa mata alama.

Mataki na biyar, gwada shi da sa'o'insa

Fannin jarirai ƙarami ne idan aka haɗa da na cutar kansa ko na zuciyar manya, masu rubutu a ciki basu kai su yawa ba don haka masu ambato ma basu kai ba. Kuma aikin yanada jan lokaci, gwajin da akayi akan bakwaini sau da yawa sai an jira yaran sun kai wata 18 zuwa 24 an auna tafiyarsu da maganarsu da ganinsu da jinsu kafin a san ko maganin yayi amfani ko ceton rai yayi ya bar nakasa, wani ma sai sun shiga makaranta. Mutum zai iya shafe shekara bakwai akan gwaji ɗaya yayinda na kusa dashi ya fitar da takardun tambayoyi talatin.

Akwai ma'aunai biyu da suke gyara wannan. A shafin iCite na cibiyoyin lafiya na Amurka, kyauta, ka zuba lambobin PubMed na takardun zai baka RCR na kowacce, 1.0 yana nufin daidai take da matsakaiciyar takardar da cibiyoyin suka ɗauki nauyi a fanninta, 2.0 ninki biyu. A Scopus kuma FWCI, shima 1.0 shine matsakaicin duniya na takardu masu irin fanninta da shekararta da nau'inta. Kar ka amince da su akan takardar da bata wuce shekara biyu ba, basu zauna ba tukun.

Ma'aunin tasirin mujalla kuwa na mujallar ne ba na mutum ba, ana ɗaukan ambaton da takardunta na shekaru biyu da suka wuce suka samu a bana a raba da yawansu, kuma takardu ƙalilan ne suke jan lambar sama. Sanarwar DORA da aka tsara a San Faransisko a 2012 abinda ta nema kenan, a daina auna mutum da shi. Takarda a Pediatrics ko Archives of Disease in Childhood zata iya canza aikin asibiti fiye da wata a mujallar da tafi su lamba nesa ba kusa ba.

Mataki na shida, bi sawun aikin har gadon jariri

Yanzu ka koma kan gurbin nan da ka bari fanko. Ka zaɓi takardu uku zuwa biyar waɗanda mutumin yake na farko ko na ƙarshe a ciki, ka karanta su da kanka, ba taƙaitawar sama kawai ba. Wace tambaya akayi, jarirai nawa, a ina, me aka auna. Rage mutuwa ko nakasa daban, canjin wata lamba a gwajin jini daban. Idan gwajin magani ne ko na wata hanyar kulawa, ka ɗauki lambar rajistarsa ka duba a ClinicalTrials.gov ko ISRCTN ko rajistar Afirka ta PACTR, kaga ko abinda sukace zasu auna tun farko shine suka bada rahoto a kai, ko sun canza a tsakiya da suka ga bai fito yadda suke so ba.

Daga nan ka shiga Cochrane Library, rumbun bitocin binciken lafiya, ka nemi bitar da ta tattara dukkan gwaje gwajen da akayi akan maudu'in, akwai rukuni guda na jarirai a ciki. Kowace bita tanada jerin ayyukan da aka saka da jerin waɗanda aka ƙi tare da dalili, kuma tana bawa kowane gwaji hukunci akan yiwuwar son rai ko rauni a tsarinsa. Idan aikin mutuminka yana cikin waɗanda aka saka kuma yanada nauyi a lissafin, wannan yafi min ambato 200. Sai ka sauko da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya akan maudu'in, ko na ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, ko na NICE, hukumar dake fitar da ƙa'idojin jinya a Ingila, ko na ma'aikatar lafiyar ƙasar da yake aiki, ka danna Ctrl da F ka rubuta sunansa. Zaka iya samunsa a waje biyu, cikin jerin hujjoji ko cikin sunayen kwamitin da ya rubuta ƙa'idar, kuma ba abu ɗaya bane, na farko aikinsa ne yayi magana, na biyu gayyatarsa akayi. Ka rubuta wanne ne.

Bari in nuna yadda cikakken sawu yake. A 1978 Edgar Rey ya fara salon kangaru a wani asibitin haihuwa a Bogota ta Kolombiya saboda kwalaben saka bakwaini sunyi kaɗan, a ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata. Shekaru da yawa ana cewa sai jaririn ya daidaita tukunna. Sai gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya ya fito a New England Journal of Medicine a 2021, jarirai 3211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, waɗanda aka fara musu nan take kashi 12 cikin 100 suka rasu a kwana 28 na farko, ɗaya rukunin da aka jira sai sun daidaita kuma kashi 15.7. A Nuwamba 2022 hukumar ta canza ƙa'idarta tace a fara da zarar an haihu. Gwaji, sakamako, ƙa'ida, kowanne da shekararsa. Irin wannan layin kake nema a aikin mutuminka ko da ƙarami ne na asibitocin jiha ɗaya.

Amma fa kar ka yanke hukunci da wuri idan sawun bai kai ƙarshe ba. Graham Liggins da Ross Howie sun buga gwajinsu na Okland a Niyu Zilan tun 1972, wanda ya nuna allurar sitiroyid ga mai shirin haihuwar bakwaini tana taimakon huhun jaririn, amma sai a 1994 taron masana na cibiyoyin lafiya na Amurka ya tsaya a kai sannan amfani da ita ya yaɗu sosai. Shekara 22. Hoton dake tambarin Cochrane ma sakamakon gwaje gwajen wannan allurar ne. Wanda ya auna su a 1980 da tambayar me ya canza zai ce ba wani abu.

Sannan aikin da yace a daina shima tasiri ne, wani lokacin ma yafi. Gwajin FEAST da Kathryn Maitland ta jagoranta a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, yara 3141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini, ya fito a 2011 ya nuna ƙarin ruwa da sauri ta jijiya yana ƙara mutuwa, kusan kashi 10.5 a cikin awa 48 a kan kashi 7.3 na waɗanda ba'a yi wa ba, abinda kowa ya ɗauka ceto ne. Anyi ta gardama shekaru, amma ƙa'idojin yara na 2020 na Surviving Sepsis Campaign, masu tsara yadda ake jinyar cutar da ta shiga jini, sunce a wajen da babu sashen kulawa ta musamman kar ayi wannan ƙarin ruwan idan hawan jinin yaron bai faɗi ba. Don haka idan kaga takardar mutuminka tace magani kaza baya aiki kar ka ɗauka faɗuwa yayi.

Akwai kuma aikin da ya shiga jiki har aka daina ambatonsa. Ma'aunin da Virginia Apgar ta buga a 1953, bugun zuciya, numfashi, ƙarfin jiki, motsi idan an taɓa da launin fata, kowanne maki 0 zuwa 2, ungozomomi da nas nas a duk duniya suna rubuta shi a minti na 1 da na 5 kullum, kuma dubban takardu suna amfani dashi basa saka takardarta a jerin hujjoji. Idan mutuminka ya ƙirƙiri wani ma'auni ko jadawali ko na'ura, ka nemi sunan abin da kansa a PubMed ba sunan mutumin ba.

Mataki na bakwai, abinda baya fitowa a rumbunan

Ɗaliban da ya yaye da inda suke yanzu, ko suna fitar da nasu aikin babu sunansa a kai. Manhajar horo da ya rubuta, rajistar jarirai da ya kafa wadda wasu suke amfani da bayananta, kuɗin bincike da ya nemo a matsayin jagora. Waɗannan sai ka nemi takardar tarihin aikinsa ko ka tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, musamman nas ɗin sashen, su suka san ko wani abu ya canza. Wannan zoben mai launuka na Altmetric da kake gani a gefen takarda hayaniyar jaridu da soshiyal midiya yake aunawa, abinda zaka ɗauka a ciki kawai shine ɓangaren da yake nuna takardun hukumomi da suka ambaci aikin, Overton ma irin wannan yakeyi amma sai da rajista.

Mataki na takwas, rubuta abinda ka samu

Shafi ɗaya ya isa. Sama ka saka lambobin a layi uku ko huɗu, kowacce da inda ta fito da ranar dubawa, da kuma yadda ta koma bayan an cire ambaton kai da takardun taron dangi. Sauran shafin na takardun nan uku zuwa biyar ne, kowacce sakin layi guda, me aka gano, me shi yayi a ciki, ta shiga wace bita, ta shiga wace ƙa'ida a wace shekara, akwai shaidar cewa an fara aiki da ita ko babu. Inda sawun ya tsaya ka rubuta anan ya tsaya, kar ka ƙarasa masa da zato, kuma ka bambanta aikinsa ne ya jawo canjin da aikinsa yana cikin ayyuka tara da aka dogara dasu, don na biyun shine yafi yawa. Idan mutum biyu kake gwadawa ka cire shekarun da wani yayi baya bincike, hutun haihuwa, jinya, ko shekarun da yake shi kaɗai ne likitan yara a asibiti, kafin ka raba ma'aunin h da shekaru. Idan kuma hukunci za'a yanke da rahoton, na aiki ko ƙarin girma ko tallafi, ka tura wa mutumin jerin takardun da ka tara ya duba ko akwai wadda ta ɓace ko wadda ba tasa ba kafin ka miƙa.